Ruwan da muke kora a damina, shi muke saye a rani



Duk wanda ya taso a Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama ko Ashaiman ya san watanni biyu da ba sa ɓuya. A watan Yuni, da zarar hadari ya haɗo sai hankalin iyaye ya tashi. A ɗaga katifa, a ɗora talabijin a kan tebur, a jera buhunan yashi a bakin ƙofa, a hana yara zuwa kusa da babbar kwata. A watan Fabrairu kuwa, waɗannan gidajen dai su ne za ka ga yaransu sun fita tun kafin kiran assalatu, kowa da galan Kufuor a hannu, ana neman inda famfo ya kawo. Mai sayar da wake da shinkafa, mai koko da ƙosai, mai wanki, kowa sai ya ƙara kuɗin ruwa a cikin lissafinsa na ranar.

Mun saba ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu daban. Ambaliya muna kai kukanta ga hukumar agajin gaggawa ta NADMO, ƙarancin ruwa kuma muna kai kukansa ga masu famfo. Amma in muka zauna muka duba, ruwa ɗaya ne. Wanda ya sauka a kan rufinmu a watan Yuni muka kore shi da sauri zuwa kwata, daga kwata zuwa teku, shi ne wanda muke biyan mai tanka ya kawo mana bayan wata takwas. Wannan bayani ƙoƙari ne na fahimtar yadda muka kai ga haka, abin da sauyin yanayi yake ƙarawa a kai, da abin da yake hannunmu.

Me ya canza a sama?

Duniya cike take da ruwa, amma kusan dukkansa na gishiri ne. Ruwan daɗi bai wuce kashi 2.5 cikin 100 ba, kuma mafi yawan wannan ɗin ma ƙanƙara ce a ƙarshen duniya da kan manyan duwatsu, ko kuma yana can ƙarƙashin ƙasa. Abin da yake cikin koguna da tafkuna, wanda garuruwa suke sha, ɗan kaɗan ne ƙwarai. Sauyin yanayi bai rage yawan ruwan duniya ba. Abin da yake canzawa shi ne lokacin saukarsa, wurin saukarsa, da ƙarfin da yake sauka da shi.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, iskar tana iya ɗaukar ƙarin danshi wajen kashi 7 cikin 100. Iska mai zafi tana tsotse ruwa daga ƙasa, daga gona, daga tafki fiye da da, saboda haka ƙasa tana saurin bushewa. In kuma ta tashi sakin abin da ta ɗauka, sai ta juye shi gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i. Shi ya sa shekara ɗaya take iya zuwa da fari da ambaliya tare. Jimillar ruwan shekara na iya zama kusa da yadda aka saba, amma maimakon ya zo a hankali ƙasa ta sha, sai ya zo kamar an kifar da bokiti, sannan a yi makonni babu ko ɗigo.

'Yan'uwanmu na arewa sun ga wannan a 2024. Tsakiyar damina, a watannin Yuli da Agusta, ruwa ya ɗauke, masara da gero suka ƙone a gona, har gwamnati ta hana fitar da masara, shinkafa da waken soya zuwa waje a ƙarshen Agusta. Mu da muke Akra da Kumasi mun ji shi a farashin mudun masara, wato a kwanon tuwon zafi da kofin koko.

Tafki ɗaya, fuska biyu

Babu inda ake ganin wannan sauyi sarai kamar tafkin Volta. An kammala madatsar Akosombo a 1965, kuma tafkin da ya taru a bayanta ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500. Don a yi shi, an tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu. Tsohon garin Kete Krachi, inda fataken goro suka yi zango bayan yaƙin Salaga na 1892, kuma inda Alhaji Umaru ya zauna ya karantar, yana cikin wuraren da ruwa ya cinye. Tarihinmu ma yana ƙarƙashin tafkin nan.

Dattawanmu suna tuna 1983, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, lokacin da ruwan tafkin ya ja baya. Masu matsakaicin shekaru suna tuna 2007, lokacin da ruwan ya sauka ƙasa da ƙafa 240, wato ƙasa da matakin da injinan wuta suke bukata, aka shiga rabon wutar lantarki unguwa-unguwa. Sai ga 2023: ruwan ya doshi ƙafa 276, hukumar VRA ta fara buɗe ƙofofin madatsar a ranar 15 ga Satumba don kada ta sami matsala, ruwa ya shiga Mepe, Battor, Sogakope da sauran garuruwan Tongu har zuwa Ada, dubun-dubatar mutane suka rasa matsuguni. Tafki ɗaya ne, cikin shekaru 16, ya hana mu wuta saboda ƙarancinsa, ya kuma kori mutane daga gidajensu saboda yawansa.

A arewa kuma, kusan kowace shekara a watan Agusta ko Satumba ana sanarwar buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, ruwan ya biyo Farin Volta ya shanye gonakin da suke bakin kogi. Bayan 'yan watanni, garuruwan da wannan ruwa ya ratsa su ne suke fama da ƙishi. Madatsar Pwalugu, wadda aka ce za ta riƙe wani ɓangare na ruwan don noman rani da wuta, an yi bikin fara aikinta a 2019, amma aikin bai je ko'ina ba. Kogin Volta na ƙasashe shida ne: Gana, Burkina Faso, Togo, Benin, Mali da Kodebuwa. Abin da aka yi da shi a Wagadugu yana isowa Nawuni, kuma daga Nawuni ake jan ruwan da Tamale take sha.

Daga ina ruwan famfonmu yake zuwa?

Yawancinmu in aka tambaye mu daga ina ruwa yake zuwa, sai mu ce daga famfo. Kowane famfo yana da kogi a bayansa. Yammacin Akra yana shan kogin Densu ta madatsar Weija. Gabashin Akra da Tema suna shan Volta ta matatar Kpong. Kumasi tana dogara da madatsun Barekese da Owabi, kuma Barekese a kan kogin Offin take. Sekondi da Takoradi suna samun wani kaso mai yawa daga kogin Pra ta Daboase. Tamale tana shan Farin Volta ta matatar Dalun.

Waɗannan kogunan su ne muke cutarwa da hannunmu. Haƙar zinariya ta galamsey ta mayar da Pra, Ankobra, Offin da Birim kamar kunun kanwa. A watan Agusta na 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya sanar cewa gurɓacewar ruwan da yake shiga matatar Sekyere Hemang, wadda take taimaka wa Cape Coast da Elmina, ta kai ma'auni 14,000, alhali an gina matatar ne don ruwan da bai wuce 2,000 ba. In laka ta yi yawa haka, sai an zuba alif da sauran magunguna ninkin-ba-ninkin, injina suna lalacewa, kuma ruwan da ake iya tacewa a rana yana raguwa. Matatar Kyebi da ke kan Birim an sha rufe ta saboda wannan dalili. Bayan laka akwai sinadarin makuri da ake wanke zinariya da shi, wanda yake shiga jikin kifi, daga kifi ya shiga jikin mutum.

Kada mu ɗauka wannan maganar mutanen daji ce kawai. A cikin samarin da suke shiga ramukan nan akwai 'ya'yan zango, waɗanda rashin aiki ya tura, kuma kuɗin da suke aikowa yana shiga tukwanenmu. Ba za a yi maganar kogi da gaskiya ba sai an yi maganar aikin da saurayi zai kama in ya bar ramin.

Akwai kuma cin bakin madatsu. An yi gine-gine da gonaki a filayen da ya kamata a bar wa Weija da Owabi, an sare itatuwan da suke riƙe ƙasa, ana kwasar yashi a bakin Farin Volta. Ƙasar da ruwa ya kwaso tana taruwa a gindin madatsa, sai wurin ajiyar ruwa ya ragu. Madatsar da ta cika da laka tana saurin tumbatsa a damina, a buɗe ta ruwa ya shiga Tetegu da Oblogo, sannan tana saurin ja baya a rani. Ga kuma ruwan da aka riga aka tace: kusan rabinsa ba ya dawo da kuɗi, saboda tsofaffin bututu da suke yoyo da kuma masu jona layi ta bayan fage. Bututun da ya fashe a bakin titinmu ya kwana uku yana zuba, kowa yana tsallakewa, wani gida ne a ƙarshen layi ya rasa ruwa a ranakun nan.

Wasu suna cewa ai ga teku, a tace shi. An gwada. Matatar ruwan teku ta Teshie ta fara aiki a 2015, amma cire gishiri daga ruwa yana cin wuta sosai, ruwan yana fitowa da tsada, kuma an sha dakatar da ita. Gyara kogin da muke da shi ya fi sauƙi a kan sayen ruwan teku.

Kwatar nan a da rafi ce

Yaranmu sun san babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi a matsayin wurin wari da leda. Asalinta rafi ne da yake gangarawa zuwa Odaw, Odaw kuma ya zuba a tafkin Korle, daga nan sai teku. Haka Aboabo a Kumasi: sunan unguwa ne, sunan rafi ne kuma, kamar yadda Subin da Wiwi suke rafuka kafin gari ya haɗiye su. Rafi yana da bakinsa, yana da fadamarsa inda yake bazuwa in ya cika. Mun gina ɗakuna a kan fadamar, mun matse bakin da siminti, sannan muna mamakin ganinsa a tsakar gida.

A da, tsakar gidan haya ƙasa ce, da bishiyar mangwaro ko darbejiya a tsakiya. In an yi ruwa, ƙasa ta sha wani, bishiya ta sha wani, saura ya gangara a hankali. Yau kowane mai gida yana shafe tsakar gida da siminti ko tayil daga bango zuwa bango, kuma ba a ga laifinsa ba, don kowa yana gudun taɓo. Amma in gida dubu suka yi haka, ruwan da a da yake ɗaukar yini kafin ya isa kwata yanzu cikin minti kaɗan yake isa, duka a lokaci ɗaya. Can kuma ya tarar da ledar fiya wata. Ga yadda abin yake zagayawa: famfo ba ya kawowa, ko ba mu yarda da tsabtarsa ba, sai mu sayi ruwan leda mai rabin lita, guda 30 a jaka, mu sha mu yar, ledar ta toshe kwata, kwata ta yi ambaliya ta kwaso ƙazantar masai, ƙazantar ta shiga bututun da ya fashe da rijiyar da ba ta da murfi, sai mu ƙara gudun ruwan famfo, mu ƙara sayen leda.

Mun san abin da wannan yake jawowa. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200, kuma Akra ce ta fi shan wahala. A daren 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya cika Kwame Nkrumah Circle, mutane suka fake a gidan mai, man ya bi ruwa, wuta ta tashi, mutum sama da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ruwan sama mai ƙarfi irin na daren nan shi ne abin da masana suke cewa zai riƙa yawaita, kuma zai tarar da kwatocin da muka bar masa.

Burtsatse ba rijiyar da ba ta ƙafewa ba ce

Da famfo ya gaza, mai hali sai ya haƙa burtsatse, kuma masu taimako da yawa, har da 'yan'uwanmu da ke Jamus, Ingila da Amurka, sun haƙa wa masallatai da makarantu. Allah ya saka musu. Sai dai ruwan ƙasa ajiya ce, kuma ruwan sama ne yake cika ta. In mun rufe ƙasa da siminti muka hana ruwa shiga, sannan kowane gida ya sa injin yana ja, muna cire kuɗi ne daga asusun da muka daina zubawa. A unguwannin da ke kusa da teku, in aka ja ruwan daɗi da yawa sai na gishiri ya matso ya maye gurbinsa, shi ya sa burtsatse da dama a Akra ruwansu ba ya shawuwa, sabulu ma ba ya kumfa a ciki. A yankin Bongo a arewa maso gabas kuwa, ruwan ƙasa yana da sinadarin fuloraid da yawa, wanda yake ɓata haƙoran yara.

A zango akwai ƙarin haɗari ɗaya: matsatsi. Ramin masai da bakin burtsatse sukan kasance taku kaɗan tsakaninsu. Ruwa yana iya fitowa garau, babu wari, amma da ƙwayar cuta a ciki. Don haka duk wanda zai haƙa, ya nemi mai haƙa da yake da lasisin Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda aka kafa da dokar 1996. A kai ruwan ɗakin gwaji kafin a fara sha, a kuma maimaita gwajin bayan damina. A ajiye wani abu daga kuɗin sadakar don gyara, don burtsatsen da injinsa ya mutu bayan shekara biyu babu mai ɗaukar nauyinsa bai cika burin wanda ya bayar ba.

Abin da kakanninmu suka sani

Mutanen zango ba baƙi ba ne a sanin darajar ruwa. Ayarin fatake daga Kano da Katsina zuwa Gwanja da ruwa yake auna tafiyarsa, kuma ba a yin zango sai inda mutum da dabba za su sha. Salaga ta yi suna da yawan rijiyoyinta, har ake mata laƙabi da garin rijiya dubu, kuma wasu suna nan har yau. Gari ne da rani yake tsananta a cikinsa, amma ya ɗauki dubban baƙi a lokacin ciniki, saboda mutanensa sun san yadda ake tara ruwa a ƙasa. Iyayenmu mata ma mun gan su: da hadari ya taso za su jera randa, duro da bokiti a ƙarƙashin indararo, ruwan wanke shinkafa a ba dabbobi, ruwan ɗaurayar wanki a yayyafa wa tsakar gida.

Addininmu ma ya ba mu ma'auni. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, wanda bai kai lita ɗaya ba, yana wanka da kimanin sa'i ɗaya. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi, mai kuɗi da talaka su ɗiba. Mu gwada da kanmu: a ce masallaci yana da mutum 200 a kowace salla, kowa ya yi alwala da buta mai lita 1, ruwan yini ya kama lita 1,000. In famfo aka sake yana zuba tun daga wanke hannu har zuwa ƙafa, ana gaisawa a tsakani, sai a ninka wannan sau da yawa. Buta ba alamar talauci ba ce.

Lissafin rufin kwano

Ga wani lissafi da kowa zai iya yi. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Akra tana samun wajen milimita 800 a shekara, Tamale sama da 1,000, Kumasi wajen 1,400. Gidan haya mai rufin mita 10 a tsawo da 10 a faɗi, wato murabba'in mita 100, a Akra ruwan da yake sauka a kansa a shekara ya kai lita 80,000. In an cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai zube ko ya ɓace, saura lita 64,000, wato galan Kufuor mai lita 25 sama da 2,500. A Kumasi abin ya kusa ninki biyu. Wannan ruwan kyauta yake sauka, kuma a yanzu kusan dukkansa kwata yake tafiya ya ƙara wa na ƙasa da mu ambaliya.

Babu gidan da yake da tankin da zai riƙe duk wannan, kuma ba a bukatar haka. A kudu damina biyu muke da ita, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, don haka tanki ɗaya yana cika ya ƙare ya sake cika sau da yawa. Ko Polytank mai lita 2,000 ko 3,000 aka samu, ya rage sayen ruwan wanki, wanka da ban-ɗaki na watanni. Sharuɗɗan kaɗan ne. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu daga rufi kafin a juya bututu zuwa tanki. A sa raga a bakin shiga, a rufe tankin ruf don kada sauro ya yi ƙwai. A wanke shi kafin damina. In za a sha, a tafasa ko a sa maganin kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. In rufin tsohon asbestos ne da ya fara ruɓewa, a bar ruwan ga wanki da shara.

Abin da ya fi wuya a gidan haya shi ne waye zai biya, waye zai riƙe makulli. Mai gida yana cewa ba shi zai sha ba, 'yan haya suna cewa ba gidansu ba ne. Amma mun iya adashi, mun iya haɗa kuɗin biki da na jana'iza cikin kwana biyu. Gidan da yake da ɗaki goma zai iya haɗa kuɗin tanki a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa. Manyan rufin da muke da su kuwa na masallatai ne da makarantun Islamiyya, kuma su ne suka fi kowa bukatar ruwa kullum. Daga nan ya kamata a fara.

Wanda kuma zai gyara tsakar gida, ya bar wani ɓangare ƙasa ko tsakuwa, ko ya shimfiɗa bulo mai tazara maimakon siminti bai ɗaya. Ruwan alwala, da yake ba shi da sabulu, a ja shi zuwa gindin bishiya ko ramin tsakuwa ya nutse, maimakon ya kwanta a bakin titi.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya

Buta da tanki ba za su wanke kogin Pra ba, ba za su yashe Odaw ba. Wannan aikin hukuma ne, kuma akwai kuɗin da aka ware da sunanmu. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don shirin GARID na rage ambaliya a yankin Odaw, kuma Nima tana cikin unguwannin da aka zaɓa don gyaran magudanai da hanyoyi, tare da Alogboshie da Akweteyman. Akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, wanda ruwa da tsabta suna cikin abin da aka ce zai yi. Akwai hukumar PURC da take tsayar da kuɗin ruwa, kuma tana karɓar ƙorafin jama'a.

Haƙƙinmu ne mu tambaya, da ladabi amma ba tare da gajiya ba. In asambuliman ko ɗan majalisa ya zo taron suna ko na Maulidi, bayan gaisuwa a tambaye shi: yaushe za a yashe kwatar nan, kafin ruwa ko bayan ya yi ɓarna? Ina za a kai yashin da aka kwaso, ko za a tara shi a bakin kwata ruwan farko ya mayar? Wane ne ya ba da izinin ginin da ya toshe hanyar ruwa? Wace rana ce ranar ruwan unguwarmu, kuma me ya sa ba a sanar da mu in an canza? Sarakunan zango, limamai, magajiyoyi da ƙungiyoyin matasa in suka yi waɗannan tambayoyi da murya ɗaya, ana jin su.

Mu ma akwai tambayar da za a yi mana. Ba daidai ba ne mu nemi a yashe kwata alhali da hadari ya taso muke fito da kwandon shara mu juye a ciki don ruwa ya tafi da shi. Ba ya tafiya ko'ina, gidan wani yake shiga a Alajo ko Adabraka. Haka mai jona bututu da dare, da mai ginin da ya ci bakin rafi, sau da yawa mun san su, muna salla sahu ɗaya.

Kafin damina mai zuwa, muna roƙon kowane kwamitin masallaci ya auna rufinsa ya yi lissafin da muka yi a sama, kowane gida ya duba inda ruwan tsakar gidansa yake bi, matasa kuma su sa ranar gayya ta yashe kwata tun a watan Maris, kada a jira Yuni. Wanda ya ga bututu ya fashe ya kai rahoto a ranar. Unguwar da ta gwada wani abu ya yi aiki, ta aiko mana mu sanar da sauran zanguna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya da fari, ya sa mu zama masu riƙon amanar abin da ya saukar mana. Amin.